Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Akwai wani magidanci, akawu ne a wani ofishi, shekarunsa na haihuwa sun ɗan haura 40. Allah Ya ba shi 'ya'ya huɗu, babbarsu mace ce 'yar shekara 15, tana makarantar sakandare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce Uwata. Yarinyar nan kuwa ba ta da wani abin so a duniya kamar karatu. In ta sami littafi, ko ganga a ke kaɗa mata a kunne ba ta ji.

Ran nan da la'asar sakaliya ya komo daga aiki, tun daga zaure ya ji ƙauri. Ko da ya shiga sai ya tarar miyar da aka bar mata ta duba ta kama, ita kuwa tana zaune a gindin murhu ta dunƙufar da kai bisa wani littafin Turanci da ta aro a makaranta. Ya karɓa, ya juya bayansa ya karanta ɗan bayanin da aka rubuta, sai ya ga labari ne na yaƙin da ya ƙare mutanen duniya, ya bar wata yarinya ita kaɗai. Ransa ya ɓaci, ya ce, "Uwata, duk littattafan duniya ki rasa wanda za ki aro sai na fatan tsiya? Tashin duniya sanin Allah ne, ba abin da za a ƙaga wa yara don nishaɗi ba ne. Gobe ki mayar musu da abinsu."

Yarinya ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifin miya nawa ne. Amma littafin nan ba zancen Tashin Ƙiyama ya ke yi ba, zancen ɓarnar da mutane su ka yi ne da hannunsu. In ka yarda, in riƙa ba ka labarin da dare bayan lisha. In mun gama ka ga ba shi da amfani, ba na ƙara aro irinsa." Uban ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya yarda. A zuciyarsa kuwa ya riga ya yanke hukunci.

To, kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san asalin irin waɗannan littattafai, don kada ya zaci haka kawai su ka tsiro. A ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bom na nukiliya a birnin Hiroshima na ƙasar Japan, bayan kwana uku ta jefa wani a Nagasaki. A Hiroshima kaɗai, kafin shekarar ta ƙare an ƙiyasta mutum wajen 140,000 sun mutu. Ba wuta da rushewar gini kaɗai su ka kashe su ba. Bom ɗin nan yana da wata irin guba wadda ido ba ya gani, hanci ba ya shinshinawa, tana shiga jiki, sai mutum ya yi ta amai, gashinsa ya zube, jininsa ya lalace. Daga baya Rasha ita ma ta ƙera nata, aka shiga tsere. A watan Oktoba 1962 ƙasashen biyu su ka yi kwana 13 suna cacar baki a kan makaman da Rasha ta girke a tsibirin Kyuba, har mutane da yawa su ka kwanta ba su tabbata za su wayi gari ba. Yaran da su ka tashi a zamanin nan a Amurka, har a makaranta a ke koya musu yadda za su ɓuya ƙarƙashin tebur in an ji ƙararrawa. Daga cikin wannan tsoro marubuta su ka fara tambayar kansu, in abin ya auku, manya su ka ƙare, yaya yaran da su ka saura za su yi?

Tun daga sa'an nan ba a daina rubuta irin labarun nan ba, sai dai abin tsoron ne ya ke sakewa da zamani. Bayan da tashar wutar nukiliya ta Carnobil ta fashe a 1986, wata Bajamushiya, Gudrun Pausewang, ta fitar da littafi a 1987 a kan wata yarinya da ƙanenta suna gudun girgijen guba. A 2006 wata Ba'amurkiya, Susan Beth Pfeffer, ta ƙaga labarin wani dutse da ya faɗo daga sararin sama ya bugi wata ya matso da shi kusa da duniya, teku ta yi ambaliya, amfanin gona ya mutu. A 2007 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta rubuta nata, ta aza shi a ƙasar Nijar ta shekarar 2070, inda wata 'yar shekara 14 ta ratsa hamada bisa raƙumi bayan yaƙi ya juya duniya. A 2013 kuma Kass Morgan ta kawo labarin matasa 100 'yan kurkuku da aka sauko da su daga wata tasha a sararin sama, don a gwada da rayukansu ko ƙasa ta zaunu. Duk ƙagaggu ne. Abin da ya haɗa yawancinsu kuwa ɗaya ne, watau manya su ke yin ɓarna, yara su ke gado.

Littafin da yarinyar nan ta aro yana cikin tsofaffinsu. Sunansa Z for Zachariah, wani Ba'amurke mai suna Robert O'Brien ya rubuta shi, aka buga a 1974. Dare na fari, an ɗauke wuta, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙannenta su ka kewaye ta, uban kuwa ya kishingiɗa can gefe kamar ba ya so. Ta fara da ma'anar sunan. Ta ce yarinyar cikin labarin, Ann Burden, tun tana ƙarama tana da wani ɗan littafin koyon baƙaƙe, kowane harafi da sunan wani daga cikin mutanen Baibul. Harafin A na Adamu ne, harafin Z na Zakariyya. Da ya ke an gaya mata Adamu ne mutum na farko, sai ta ɗauka da wautar ƙuruciya lalle Zakariyya shi ne zai zama na ƙarshe.

Ann 'yar manoma ce, suna zaune cikin wani kwari da tuddai su ka kewaye. Aka yi yaƙin da bai wuce mako guda ba. Gidajen rediyo su ka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya mutu. Duk abin da ke bayan tuddan nan ya ƙone da guba, amma kwarin ya tsira, domin iskarsa ba ta cika gauraya da ta waje ba. Iyayenta da 'yan'uwanta da mai kantin wurin da matarsa su ka shiga mota su ka fita neman ko akwai sauran masu rai, su ka bar ta tsaron gida. Ba su komo ba.

Da aka kawo nan, sai uban ya tashi zaune ya ce, "Shekarunta nawa?" Yarinya ta ce, "15, Baba, kamar ni." Bai ƙara cewa kome ba.

Dare na biyu ta ba da labarin yadda Ann ta yi shekara guda ita kaɗai. Ta san tatsar saniya, ta san kiwon kaji, ta san lokacin shuka da yadda a ke adana iri. Ta sari itacen da ya fisshe ta hunturu. Rafi biyu ne a kwarin, ɗaya daga waje ya ke gangarowa, ɗaya kuwa daga idon ruwa na cikin kwarin ya ke ɓuɓɓugowa. Ta lura kifayen na farkon sun mutu, ciyawar bakinsa ta bushe, sai ta ƙaurace masa ta riƙa ɗiba a na biyun. Tana lissafin kwanaki don kada su ɓace mata. Tana kuma da littafin da ta ke rubuta abin da ya auku, shi ya zama abokin hirarta, shi ne ma labarin da mai karatu ke karantawa. Ba wani sihiri a cikin tsirarta. Duk abin da ya cece ta, abin da ta gani ne wajen iyayenta tun duniya na zaune lafiya.

Ana nan sai ta hangi hayaƙi can nesa, kullum yana matsowa. Mutum ne ke tafe. Murna ta kama ta, tsoro kuma ya kama ta, domin jama'a rahama ce, amma ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba. Ta ɓad da alamun zama a gidan, ta koma wani kogo bisa tudu tana leƙe. Baƙon ya iso sanye da wata riga kamar sulke, ta rufe shi daga kai har ƙafa, yana jan amalanke. Sunansa Loomis, masanin harhaɗa sinadarai ne, yana cikin waɗanda su ka ƙera rigar, ita kaɗai ce kuma irinta, guba ba ta ratsa ta. Yana da ɗan akwatin awo mai ƙara in ya kusanci guba. Amma da ya ga ɗanyen ganye bayan ya daɗe yana ratsa toka, sai murna ta ɗauke masa hankali, ya tuɓe ya faɗa rafin nan mai guba bai auna ba. Ann tana kallo daga ɓoye, tsoro ya hana ta tsawata masa.

Uban ya ce, "Kai! Ga ilmi ga kayan awo, amma 'yar ƙauye ta fi shi sanin ruwan sha." Daga ran nan shi ke fara shimfiɗa tabarma.

Ciwo ya kwantar da Loomis, Ann ta sauko daga kogo ta yi jinyarsa, tana dafa masa abinci, tana kwana zaune a kansa. Kafin ciwon ya tsananta ya nuna mata dabarar da za ta ɗebo mai daga famfon kanti da hannu, tun da ba lantarki, har ta ta da tarakta ta yi huɗa. Ta fara tsammanin za su zauna lafiya su raya kwarin. Sai zazzaɓi ya sa shi sambatu, yana ta ambaton wani abokin aikinsa wai shi Edward. Ta je ta duba rigar, ta ga huda uku na harsashi a ƙirji an liƙe su. Ashe da yaƙi ya tashi su biyu ne a ɗakin bincikensu na ƙarƙashin ƙasa, Edward ya so ya sa rigar ya je neman iyalinsa, Loomis ya harbe shi. Duk da ta gane haka ba ta fasa jinya ba har ya tashi.

Da ya sami sauƙi sai hali ya fito. Ya fara ba da umurni a gonar da ba ta ubansa ba. Ann ta roƙa a yi amfani da rigar a ɗebo littattafai daga ɗakin karatu na garin da ke kusa, ya hana, ya ce kada ta kuskura ta taɓa masa riga. Wata rana da dare ya shiga ɗakinta da mugun nufi, ta kuɓuce ta gudu kogo. Duk da haka ta riƙa saukowa da rana tana aikin gona tana raba abinci biyu, don kada ya mutu da yunwa. Shi kuwa ya zare makullin tarakta, ya sa wa kanti kwaɗo, ya harbe ta a idon sawu don ta gurgunce ta kasa gudu, ya bi sawunta da karen gidansu har kogo ya ƙone 'yan kayanta.

A daren da aka ba da wannan, magidancin nan har ya manta ƙage ne. Ya buga cinya ya ce, "Wannan wane irin butulu ne! Duniya duk ta ƙare, saura mutum biyu, amma sai ɗaya ya mallaki ɗaya?" Yarinya ta ce, "Baba, ai shi ya sa na ce ba bom ba ne abin tsoron littafin."

Ƙarshen labari, Ann ta yi masa dabara ta janye shi zuwa wancan gefen kwari, ta ɗauki rigar da amalanken. Tana da bindiga, tana da iko ta kashe shi, ba ta yi ba. Ta tsaya a bakin kwarin har ya iso, ta gaya masa abin da ta sani game da Edward, ta bar masa gida da gona da shanu, ta juya masa baya ta shiga ƙasar toka. Bai harbe ta ba. Ya ɗaga murya ya gaya mata ya taɓa ganin tsuntsaye suna shawagi wajen yamma. Ta nufi can, tana begen ta sami wani wuri mai yara da za ta koya wa karatu, domin tun da can burinta ke nan ta zama malama. A nan littafi ya tsaya, ba a faɗi ko ta samu ba.

Yara su ka yi barci, uban kuwa ya kasa. Abin da ya tsaya masa a rai ba Loomis ba ne, motar nan ce da ta fita da iyaye ba ta komo ba. Ya ce a ransa, ba sai an jefa bom ba kafin uba ya fita da safe ya kasa komowa. Haɗarin mota ya isa, ciwon kwana biyu ya isa. Yaron da ya rasa mai ci da shi, ai duniyarsa ta tashi, ko da kasuwa na ci a gari. Sai ya shiga lissafin abin da zai bari. Gidan haya ne. Albashi yana ƙarewa kafin wata. Shi ɗan manomi ne, ya tashi yana bin ubansa gona, amma tun da ya kama alƙalami bai ƙara riƙe fartanya ba, gonar gado ma ya bar wa 'yan'uwa. 'Ya'yansa sun san gero a kwano, ba su san shi a zangarniya ba. In famfo ya ƙafe sai su jira mai kura, in wuta ta ɗauke sai su jira a kawo. Ya tuna mahaifiyarsa, wadda yarinyar nan ta ci sunanta, ta san kaɗi, ta san yadda a ke zuba wake cikin toka don kada ya yi ƙwari, ta san ganyen da a ke ci da wanda ba a ci in shekara ta yi wuya. Duk ta tafi da abinta, ba wanda ya tambaya, ba wanda ya rubuta.

Ya kuma lura da wani abu. Loomis ya iya zare makulli, ya iya sa kwaɗo, ya iya cinna wuta, amma abin da iyayen Ann su ka zuba mata a ka da hannu bai sami ƙofar da zai kulle shi ba. Ba noma kaɗai su ka bar mata ba. Sun bar mata halin da ya sa ta yi jinyar baƙo, ya hana ta kisa sa'ad da ta sami iko, ya kuma hana ta yarda a mai da ita baiwa don tsoron kaɗaici. Shi mai rigar, ilminsa ya fi nata nesa, amma ya mai da shi abin rowa, har ya kashe mutum a kansa, ƙarshe ya zauna shi kaɗai da kwaɗonsa.

Da gari ya waye, yarinya ta kawo masa koko, ta durƙusa ta ce, "Baba, in mayar?" Ya ce, "Ki mayar, tun da kin gama, ki aro wani. Amma shi mai littafin, me ya sa ya tsaya nan bai faɗi ƙarshenta ba?" Ta ce ko da gangan ne ko ba da gangan ba, malaminsu ya gaya musu mai littafin bai ga fitowarsa ba.

Haka kuwa abin ya ke. Robert O'Brien sunan aro ne, sunansa na yanka Robert Leslie Conly, ma'aikaci ne a mujallar National Geographic. Ya rasu a 1973, saura kaɗan ya kammala littafin. Amma ya bar bayanin yadda ya ke nufin labarin ya ƙare a rubuce, sai matarsa da 'yarsa Jane su ka bi takardun nan su ka ƙarasa. Ita Jane ɗin daga baya ta zama marubuciyar littattafan yara da kanta. Watau mutumin da ya rubuta labarin uban da ya tafi ya bar 'yarsa da abin da ya koya mata, shi ma haka ta auku gare shi.

Da magidancin nan ya ji wannan, bai ce kome ba, ya shanye kokonsa ya tafi aiki. Da yamma ya komo da littafin rubutu sabo mai bango mai kauri, ya miƙa mata. Ran Asabar tun da asuba ya ɗebi yaran duka su ka shiga mota zuwa ƙauyensu, wurin wan mahaifinsa, wani tsoho da ya saura shi kaɗai a cikin sa'o'insa. Bayan an gaisa ya ce, "Baba, na kawo maka jikokinka ne ka koya musu abin da na yar. Ni ma in da wuri a sa ni a ajin." Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yau akawu ya tuna da fartanya? To, madalla. Ke amaryata, matso da takardarki."

Ya fara da iri. Ya sa aka sauko da damin da ya rataya a rumbu, ya nuna musu yadda a ke zaɓen zangarniya mai cika tun a gona a ware ta, ba a haɗa ta da ta ci. Ya ce ba a gaggawar shuka da yayyafin fari, sai ƙasa ta sha an tona an ga laima ta nutsa. Yarinya tana rubutawa, in ya yi sauri ta ce, "Kaka, a maimaita." Uban ya karɓi fartanya ya yi kunya biyu, kafin ta uku tafinsa ya yi bororo, ƙananan su ka yi ta yi masa dariya. Kafin su taso aka yanka musu wani yanki a gefen gonar gado, aka ce damina mai zuwa nasu ne, in sun shuka su ci, in sun yi lalaci su ga ciyawa.

Har yanzu yarinyar nan tana aro irin littattafan nan, wani na annoba, wani na ambaliya, wani na yunwa. Uban ba ya hanawa, sai dai ya kafa sharaɗi biyu, watau a sauke tukunya tukuna, kuma in an gama a ba shi labari. Littafin rubutun nan kuwa ya kusa rabi. Allah Ya kiyashe mu da ganin ranar da a ke faɗi cikin labarun nan, Ya ba iyaye ikon fafe wa 'ya'yansu gora tun tafiya ba ta taso ba, amin.